Rasuwar Shuɗiya, Gorar Ruwan Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da hawaye, mutanen ɗakin ƙarshe na gidan haya mai jan ƙyaure suke sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan arziki da ɗaliban likitanci 'yan ajin ƙarshe rasuwar abar ƙaunarsu, gorar ruwan nan da aka fi sani da Shuɗiya. Rai ya yi halinsa ranar Larabar makon jiya da hantsi, a asibitin koyarwa, a hannun masu farar riga, bayan gajeriyar jinya wadda ma ba tata ba ce. Ta rasu tana da shekara uku da wata biyu. Cikinta lita biyu ne cif.

Marigayiyar mallakin Yaya ce, ɗalibar likitanci wadda saura mata kwana tara ta zauna jarrabawar fita. Amma wadda ta raine ta, ta san cikarta da ramarta, ita ce Auta, ƙanwar Yaya, da aka turo daga gida ta zauna da ita, ta dafa, ta wanke, ta share, don Yaya ta ji da littafi kawai. Ana ba jama'a haƙurin jinkirin wannan sanarwa. Uwargijiyar marigayiyar ce ita ma ta kwanta. Hoto ya nuna tsakuwa a ƙodarta ta hagu, likita kuma ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: ko ruwa ya fitar da ita, ko wuƙa ta fitar da ita. In kuwa wuƙa ce, jarrabawa sai baɗi.

Shuɗiya ta shigo gidan nan ne a makon da Yaya ta fara shiga ɗakin marasa lafiya da farar riga. Inna ce ta aiko da ita, naɗe cikin sabon tawul. Da yamma ta kira waya, ta ce a ba ta Auta.

"Ke Auta, ban ce ki tambaye ta ko ta yi karatu ba, wannan tsakaninta da malamanta ne. Ke dai ki tabbata ta ci ta sha. Kin ji ni?"

Auta ta ce ta ji. Ita ba mai yawan magana ba ce. Ko mai kanti ne ya tambaye ta abin da za ta saya, sai ta nuna da yatsa. Amma abin da aka damƙa mata, ta riƙe ke nan.

Duk wanda ya san marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Roba ce mai kauri, ba ta yoyo, ba ta wari, ba ta taɓa jiƙa wa Yaya littafi ba ko da shafi ɗaya. Ta faɗo daga kan tebur ya fi a ƙirga, ta mirgina ƙarƙashin gado, an taka ta a motar haya, ba ta taɓa kai ƙara ba. A gefenta akwai layuka, kowane layi da lokacinsa: takwas, goma, sha biyu, biyu, huɗu, shida. Auta a aji huɗu ta tsaya da makaranta, amma lamba ba ta gagare ta. Ta san in ƙarfe goma ya yi, ya kamata ruwa ya sauko layi na biyu. Takan tsaya da wanki ta dubi agogon bango, ta ce a ranta, yanzu Yaya na kan layi na uku.

Marigayiyar ba ta da surutu. Maganarta uku ce a duniya. Da safe, in Auta ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce tana ɗura mata, takan ce bul, bul, bul, muryar tana sirancewa har ta kai wuya. In an rufe murfin takan ce ƙyas, sau ɗaya, kamar mai cewa na ɗauki amana. Da yamma kuma, in Yaya ta jefar da jaka a bakin ƙofa, takan ce ƙwangwal, kukan gorar da ba komai a cikinta. Wannan na ukun shi Auta ta fi so. Tana jin sa sai ranta ya yi sanyi.

"Yaya, kin sha?"

"Na sha, Sista Auta. A rubuta a fayil, a sa hannu."

Shekara uku ana wannan tambaya, ana wannan amsa. Auta kan wanke gorar da soso mai dogon hannu, ta kife ta a kan taga, ran Juma'a ta gaya wa Inna a waya cewa Yaya na shanye lita biyu kullum, ko ɗigo ba ta ragewa. Inna ta sa mata albarka.

Ciwon ajali ya fara ne ranar wata Litinin. Yaya na tsaye a gado na tara tana karanta wa babban likita bayanin wani tsoho, sai ta dafe kwiɓi, ta durƙusa, takardun suka watse. Ƙawarta, wadda 'yan aji ke kira Mai Tabarau, ita ta kira Auta. Auta ta zo da takalmi wari da wari. Ta tarar an kwantar da Yaya an sa mata ƙarin ruwa, leda na rataye a ƙarfe tana ɗiga a jijiya. Aka ce ta jira a waje.

A kan bencin da ke gindin matattakala ta zauna, jakar Yaya a cinyarta. Jakar da nauyi. Ta buɗe, ta ga Shuɗiya cike har wuya, ga shi ana neman ƙarfe ɗaya. Ta ce a ranta ai ciwon ne ya hana ta sha yau. Sai ga wata dattijuwa mai shara ta iso da tsintsiya da bokiti, ta dubi gorar, ta washe baki.

"Af, ke ce ƙanwar mai ban ruwa? Wayyo, ashe ita ce ta faɗi. Allah ya tashi kafaɗunta. 'Yar albarka! Kullum in za ta tafi gida sai ta tsaya nan ta juye wa shukar nan gorarta kaf. Ni na ce duk asibitin nan ita kaɗai ke tausayin tsiro. Dube ta, lokacin da na kama aiki a nan kara ɗaya ce ta bushe."

Auta ta juya. A bayan bencin akwai wata shuka a cikin yankakken duro. Ta kusa taɓa rufi. Ganyenta faffaɗa kamar faranti, kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Auta ta daɗe tana kallonta. Ruwan da ta tafasa ne, ta tace da farin ƙyalle, ta tashi dominsa tun kafin maƙwabta su buɗe ƙofa. Ga shi nan tsaye a gabanta, ya yi rassa.

Da Mai Tabarau ta fito, Auta ta ɗaga mata gorar kawai. Mai Tabarau ta zauna kusa da ita, ta cire tabarau tana goge shi da gefen riga.

"Ƙanwata, kada ki ga laifinta. Ba ita kaɗai ba ce, duk haka muke. Tun ranar da muka shigo, na gaba da mu suka ja mana kunne: ran zagaye ba a shan ruwa. Babban likita, Mai Agogo, zai fara duba marasa lafiya ƙarfe takwas, gado bayan gado, mu muna biye da shi kamar 'yan tsaki, ba zai tsaya ba sai ɗaya ko biyu. Wanda ya fita, ya fita ke nan. Ran tiyata kuma awa shida kina tsaye riƙe da ƙarfe, ko atishawa sai da izini. Banɗakin ɗalibai yana can ƙarshen gini a kulle, mai mabuɗin kullum ya ɗan fita. To wa zai cika ciki da ruwa? Mukan tsotsi alawa, mu lashi leɓe."

"Kullum zagaye ne?"

"In ba zagaye ba tiyata, in ba tiyata ba ɗakin haihuwa. Daga baya ma ƙishin kan daina zuwa."

Auta ta tuna ranar da ta kawo wa Yaya littafin da ta mance, ta hango ta daga taga a sunkuye kan wata mata, tana cewa, "Mama, ki riƙa shan ruwa da yawa, kin ji? Shi ne rabin magani." Ashe da busasshen maƙogwaro take faɗa.

Iyalin marigayiyar na so jama'a su sani cewa babban likita, wanda ɗalibai ke kira Mai Agogo saboda yawan duba tsintsiyar hannu, ya zo da kansa ya duba Yaya washegari. An gode masa. Ya ɗaga hoton a haske, ya girgiza kai, ɗalibai goma sha biyu a bayansa.

"Ajin ƙarshe, kuma ba ki san amfanin ruwa ba? Wannan ai ko ɗan firamare ya sani. Lita uku kullum, a rarraba daga safe zuwa yamma. Ku kuma ku ɗauki darasi. Likitan da bai kula da kansa ba, wa zai ba shi rai ya riƙe?"

Ɗalibai goma sha biyu suka gyaɗa kai, leɓunansu duk a tsattsage. Auta na tsaye a gefen gadon, magana ta taso mata tun daga ciki, ta zo maƙoshi, ta zo kan harshe. Mai Agogo ya juyo ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke ce mai jinyar? Ki riƙa ba ta ruwa."

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "To."

Kafin ya wuce gado na gaba ya ba da umarni a tara fitsarin Yaya na yini da kwana, a auna, a rubuta. Aka nemi mazubin awo na ɗakin aka rasa, an ara wa wani sashe tun watan jiya. Auta ta koma gida ɗauko zani da abinci. A bayanta ne idon Mai Tabarau ya faɗa kan Shuɗiya a kan durowa: ga faɗin baki, ga murfi mai kyau, ga layukan awo a jiki, kuma ta mai ciwon ce ba ta wani ba. A wurin ɗalibin likita, wannan ba gora ba ce, kayan aiki ne.

Ba za a tsawaita a nan ba, saboda mutuncin mamaciya. Abin da za a ce kawai shi ne, shekara uku babu likitan da ya taɓa duban layukan jikinta, amma ranar Laraba da safe mutum huɗu suka sunkuya a kanta suna karantawa, ɗaya na rubutawa.

Da aka gama, sai kunya ta kama Mai Tabarau. Ta san abin da gorar take a wurin Auta. Da wata ce, da ta nemi sabulu da ruwan zafi. Amma ita an koya mata cewa abu ba ya tsarkaka sai ya shiga tukunyar dafa kayan tiyata. Ta lallaɓi mai kula da tukunyar, aka naɗe Shuɗiya a koren ƙyalle, aka jera ta tare da almakasai da wuƙaƙe, aka rufe, aka murɗa. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi kuka ba. Wani ya ce ya ji fuuu, a hankali, kamar ajiyar zuciya.

A cikin ƙyallen aka miƙa wa Auta ita, da ɗuminta. Ta tsuke ta koma kamar dunƙulen hannu, wuya ya lanƙwashe, layukan sun narke sun hau kan juna, takwas ta haɗu da shida. Murfin kaɗai ya tsira, don an mance shi a kan durowa.

"Wallahi ƙanwata, alheri na nufa. Amma fa ki sani, yanzu ko ƙwayar cuta ɗaya babu a jikinta."

Auta ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode.

Marigayiyar ta rasu ta bar murfinta, wanda yanzu ba shi da wuyan da zai hau. Ta bar soso mai dogon hannu, da tawul ɗin da ta zo a cikinsa, da tabo zagaye a kan taga inda take kwana. Ta bar Inna, wadda har yau ba a gaya mata gaskiya ba, don Auta ba ta san da wane baki za ta janye shaidar shekara uku ba. Ta bar ɗalibai fiye da ɗari masu tsotsar alawa. Ta kuma bar 'yar riƙonta, shukar gindin matattakala, wadda ita kaɗai ta ci gadon tun mai shi na da rai, kuma an ce kwana biyun nan ganyenta ya fara langaɓewa. Iyali ba su jajanta mata ba.

An sallami Yaya ranar Alhamis, tsakuwa na nan daram. A gida ta sha, don Auta na zaune a gabanta tana ƙirga haɗiya. Amma ran Litinin da safe, da ta shirya komawa zagaye, ta ture kofin da bayan hannu.

"Ajiye min, in na dawo zan shanye lita ukun a zama ɗaya."

Ta juya ɗaukar farar rigarta a ƙusa, ta ga ƙusa kawai. Auta na zaune a kan akwatin ƙarfe, hannu a cinya, ido a ƙasa. Kofi uku jere a kan tabarma.

"Auta, ina rigata?"

"Tana ƙarƙashina."

"Tashi, na makara."

"Ki sha."

"Ke kin san abin da ake kira zagaye? Kin taɓa tsayuwar awa biyar? Ke da ko mai kanti ba ki iya yi wa magana, yau ni za ki nuna wa ƙarfi?"

"Ki sha, Yaya."

"Mai Agogo yana cikin masu yi min jarrabawa. In ya sa min ido na shiga uku. Ki rufa min asiri."

"Shekara uku ina rufawa, ban ma san ina rufawa ba."

Yaya ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Ta ɗauki kofin farko ta kafa kai, ta ɗauki na biyu, ta dire na uku da ƙarfi har ya tuntsire. Auta ta tashi ta buɗe akwati, ta miƙa rigar a goge, a ninke.

Ran nan Yaya ta daure har ƙarshen zagaye, ta dawo tana tafiya kamar mai taka ƙaya, ba ta ce wa kowa sannu ba. Talata ma haka, sai dai kofi huɗu ne. Jiya Laraba, mako guda cif da rasuwar, a gado na shida, dauriya ta ƙare. Yaya ta ɗaga hannu a gaban kowa ta nemi izinin fita. Mai Tabarau ta ce ɗakin ya yi tsit, har marasa lafiya suka daina nishi. Mai Agogo ya duba tsintsiyar hannunsa.

"Wanda mafitsararsa ta fi masa marar lafiyata muhimmanci, ya bi ta. Kada ya dawo."

Ya ciro biro ya rubuta sunanta a bayan fayil. Mutumin da ya ce lita uku ke nan, da bakinsa, kwana takwas da suka wuce.

Yaya ta dawo gida tun kafin azahar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta wuce Auta kamar ta wuce turmi. Ta shiga banɗaki ta daɗe, aka ji ta yi ƙara sau ɗaya, sannan shiru. Da ta fito, fuska duk gumi, ta ajiye 'yar rariyar tace fitsari da asibiti suka ba ta a kan taga, ba ta dubi kowa ba, ta je ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Auta ta leƙa. Tsakuwar ce, wata 'yar aba ruwan ƙasa, mai ƙaya-ƙaya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. A kanta aka yi duk wannan.

Saboda haka ba za a yi wuƙa ba. Yaya za ta zauna jarrabawa nan da kwana tara, a gaban mutumin da sunanta ke bayan fayil ɗinsa. Tun jiya ba ta yi wa Auta magana ba. Auta ta kai mata abinci, ta ɗauke kwano.

Za a yi jana'izar marigayiyar yau Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma, a bayan gida, gindin katanga, kusa da inda ake shanya. Auta ce za ta haƙa, ita za ta rufe. Yaya ta raba tsakuwar: ɓarin da ya ɓalle za a kai ɗakin gwaji, sauran kuma za a sa shi a cikin koren ƙyallen tare da mamaciya, su kwanta rami ɗaya, ita da abin da aka kawo ta duniya don ta hana.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar ɗaki har faɗuwar rana. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sabuwar gora, iyali ba su shirya ba. Ɗaliban likitanci da za su halarta su sani za a ba kowa ruwa, kuma a gaban Auta za a shanye, ba a fita da shi, gidan nan akwai tsirrai a bakin ƙofa. An yafe wa Mai Tabarau, amma ba za a bar ta kusa da gawa ba. Ba a aika wa babban likita ba, an san ba shi da lokaci.

Yaya ta ce ba za ta fito ba, tana da karatu. Ba Auta ta gaya wa ba, bango ta gaya wa. Ɗazu ma an ji tana tambayar bangon ko an tafasa ruwan gobe.